Tuƙin kwale-kwale da kayak a Kano, rani da damina: amsoshin tambayoyinku

Mu ƙungiya ce ta masu sha'awar tuƙa kwale-kwale da kayak, dukkanmu mazauna birnin Kano. A cikinmu akwai ma'aikaci, akwai ɗan kasuwa, akwai ɗalibi, akwai kuma wanda ya tashi a gidan masunta. Waɗannan su ne tambayoyin da aka fi yi mana, wasu a bakin ruwa, wasu a majalisa, wasu kuma daga iyayen da 'ya'yansu suka dame su sai an bar su sun biyo mu.

Wai a Kano ina ruwan yake, har da za a ce ana tuƙi duk shekara?

A cikin gari babu, sai kududdufai, su kuma ba wurin shiga ba ne. Amma da ka fita bayan gari za ka tarar da ruwan da ido ba ya ganin ƙarshensa. Tun zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya mulki jihar daga 1967 zuwa 1975, aka dage da gina madatsun ruwa, kuma su muke mora har yau.

Babbar cikinsu ita ce Tiga, wadda aka gina a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974. Tana kudu da birni, tafiyar kilomita 70 ko makamancin haka. Faɗinta ya haura murabba'in kilomita 170, ruwan da take iya riƙewa kuma ya kusa kubik mita biliyan 2. Sai ta Challawa da ke Ƙaraye, wadda aka kammala a 1992, kimanin kilomita 90 daga gari. Ga Watari a Bagwai, ga Tomas ta wajen Ɗambatta, ga Bagauda.

Dalilin gina su shi ne a tare ruwan damina a yi noman rani da shi, a kuma shayar da birni. Shi ya sa ba sa ƙafewa. Ruwan kan cika a Agusta da Satumba, ya yi ta ja da baya a hankali har zuwa Mayu. Saboda haka ruwa yana nan kullum. Abin da ke sauyawa shi ne halinsa, kuma wanda ya san Tiga a Nuwamba kaɗai bai san ta ba.

To ai madatsar Wasai ta fi kusa. Me ya sa ba kwa zuwa can?

Saboda abin da ke zuba cikinta. Rafin Jakara na kwaso dattin gidaje da na kwata tun daga tsakiyar birni, rafin Getsi kuma na kawo ruwan masana'antun Bompai, har da na majema. Mai koyon tuƙi sai ya faɗa ruwa, sai ya kurɓa. Ba ma kai kowa can. Haka ma ɓangaren Kogin Challawa da ke ƙasa da masana'antun Sharaɗa da Challawa.

Mene ne bambancin kwale-kwale da kayak?

Kwale-kwale buɗaɗɗe ne, yana ɗaukar mutum biyu ko uku da kaya, ana tuƙa shi da filafili mai kai ɗaya. Kana zaune a bisa ko kana durƙushe, na baya shi ke riƙe da akalar jirgin. Kayak siriri ne, galibi na mutum ɗaya, kana zaune ƙasa-ƙasa ƙafafu a miƙe, filafilinsa kuma kai biyu ne, dama da hagu. Asalinsa na mutanen Inuwit ne na ƙasashen ƙanƙara, da fatar dabbobin teku suke lulluɓe shi. Na yanzu da roba ake yi, na koyo bai fi mita 3 zuwa 4 ba, mutum biyu na ɗaga shi ba wahala.

Kayak iri biyu ne: wanda ake shiga ciki, da wanda ake zama a kansa. Na biyun muka fi so a nan. Yana da ƙofofin da ruwa ke tsiyayewa ta ƙasa, in ya kife ba abin da zai riƙe ka, kuma a zafin Kano ba wanda ke son a rufe masa ƙafafu cikin roba.

Masu cewa wannan wasan Turawa ne, mu tuna musu da Dufuna. A 1987 wani makiyayi yana haƙar rijiya a wannan ƙauye na ƙaramar hukumar Fune ta Jihar Yobe ya ci karo da kwale-kwalen itace mai tsawon fiye da mita 8. Bincike ya nuna ya kai shekara 8,000, kuma shi ne mafi daɗewa da aka taɓa tonowa a Afirka.

Wane lokaci ya fi dacewa da sabon shiga?

Kaka. Daga tsakiyar Oktoba zuwa ƙarshen Nuwamba madatsa a cike take, hadari ya ɗauke, iskar hunturu ba ta kankama ba. Ruwa kan kwanta lumui da safe, gaɓa na nan kore, ana ta yankan gero da dawa a gonakin gefe. A wannan tsakanin muke karɓar mafi yawan masu koyo. Wanda ya zo a wani lokacin ba ma korarsa, sai dai zai daɗe a lungu kafin a bar shi ya leƙa sarari.

Da sanyi fa? Ana shiga ruwa a Disamba da Janairu?

Ana shiga, kuma wasunmu sun fi son lokacin. Tsuntsayen da ke gudo wa sanyin Turai suna sauka a bakin madatsun, su haɗu da na gida, su zalɓe da balbela da kirinjijiya. Kayak ba shi da ƙara, kana iya matsawa kusa da su ba su tashi ba.

Sai dai hunturu ya fi kowane lokaci yaudara, domin sama fes take, ba hadari, sai mutum ya saki jiki. Iskar daga arewa maso gabas take zuwa. Da sassafe takan yi laushi, da hantsi ya dubi ludayi sai ta taso. A ruwa mai faɗi irin Tiga tana samun filin gudu, ta tara igiyar ruwa, ta riƙa ture jirgi daga gaɓa zuwa tsakiya. Wanda ya bar ta a bayansa yayin fita zai ji daɗin tafiya, ya ga yana ta sheƙa gudu ba wahala, sai ya juyo ya tarar ƙarfinsa bai kai ya dawo ba. Ƙa'idarmu ita ce a fita ana fuskantar iska tun da sauran ƙarfi, a dawo tana turowa.

Na biyu hazo. Ranar da ƙura ta sauka sosai, irin wadda ke hana jirage sauka a filin jirgin saman Malam Aminu Kano, gaɓa kan ɓace maka kana tsakiyar ruwa, gabas da yamma su zama ɗaya. A irin wannan rana ba ma tsallakawa, gefe muke bi, kowa na ganin na gabansa da na bayansa.

Na uku sanyin kansa. Da asuba ma'auni kan sauka zuwa digiri 12 ko 13. Ruwan ba ƙanƙara ba ne, amma jiƙaƙƙen mutum a cikin iskar hunturu nan da nan haƙoransa za su fara kaɗawa, yatsu su kasa riƙe filafili. Shi ya sa muke jinkirta fita har rana ta ɗan ɗaga, mu taƙaita tafiya, kowa kuma ya bar busassun kaya da filas ɗin shayi a mota.

A bazara kuwa ai zafi sai ya kashe mutum.

In ya zauna har azahar, zai ji a jikinsa. A Afrilu zafi kan kai digiri 40, a kan ruwa kuma ba inuwa, hasken na dukanka ta sama yana dawowa ta ƙasa. Muna barin gari bayan sallar asuba, mu fito daga ruwa kafin ƙarfe 10. Malafa, riga mai dogon hannu, da ruwan sha aƙalla lita 2 ga kowane mutum. Wanda ya fara jin jiri ko ciwon kai, a mai da shi gaɓa, ba a jiran ya ce ya gaji, don namiji ba zai faɗa ba.

A wannan lokaci ruwa ya ja baya ƙwarai. Tsibirai na ɓullowa, manoma na bin laimar da ruwa ya bari suna shuka. Kututturan itatuwan da ruwa ya cinye tun sa'ad da aka tare kogin su ma suna matsowa sama, wasu ba a ganinsu sai jirgi ya hau. Ga taɓo a gaɓa mai cafke takalmi. Wurin da ka sauka lafiya a Nuwamba, a Afrilu kana iya nutsewa cikinsa har gwiwa.

Damina fa, ko a nan ake hutawa?

Ba ma hutawa, amma a damina muka fi fasa fita. Hadarin Kano daga gabas yake haɗowa, galibi da yamma ko da dare, kuma iska ke riga ruwan isowa. Na farkon damina, a Mayu da Yuni, ya fi muni, don yakan zo da guguwa da ƙura cikin 'yan mintuna. Don haka safiya kaɗai muke shiga, kuma kusa da gaɓa. Akwai wanda aikinsa a ranar shi ne duban gabas. Ya ce a fita, an fita, ba gardama.

Tsawa ba a wasa da ita a kan ruwa, inda kai ne abu mafi tsawo. In ka ga walƙiya, ƙirga daƙiƙa har ka ji ƙara: kowace daƙiƙa 3 kusan kilomita 1 ce. In ƙirgen bai kai daƙiƙa 30 ba, ya kamata a ce kana cikin mota. Ba a komawa sai an yi rabin awa ba a ji tsawa ba. Gindin bishiya kuma ba mafaka ba ne.

Koguna a damina mun haramta wa kanmu su ɗungurungum. Kogin Kano da na Challawa in sun kawo, suna tafe da itace da yayi, ga ramukan da masu haƙar yashi suka bari a ƙasa. A madatsa kuma ba a kusantar inda ruwa ke tumbatsa yana zubewa, ko bakin inda ake sakinsa zuwa gonakin Kadawa da Kura. Daga sama ruwan kamar a tsaye yake, ta ƙasa ja yake yi. Dattawa ba su manta yadda madatsar Bagauda ta ɓalle a Agustan 1988 ba.

Ban iya iyo ba. Zan iya shiga ƙungiya?

Za ka iya, bisa sharaɗi biyu: rigar ruwa, wato rigar da ke hana mutum nutsewa, ba ta barin jikinka, kuma ba ka wuce wurin koyo sai ka nuna mana kana iya faɗawa ruwa da rigar ka natsu, ka riƙe jirginka, ka kai kanka gaɓa. Muna kuma matsa wa kowa ya je ya koyi iyon a wurin ninkaya mai tsabta a cikin gari.

Ni kuwa gwanin ninkaya ne. Dole sai na sa rigar?

Dole. Iya ruwa fid da kai ne, gaskiya, amma wanda jirgi ya bugi kansa, ko jijiyar ƙafarsa ta ɗaure, ko ya faɗa cikin kalli, wato ragar da masunta ke kafawa a ruwa, gwanintarsa ba ta da amfani a wannan lokaci. Kuma rigar a jiki take aiki, a ɗaure. Wadda aka shimfiɗa aka zauna a kai ba ta ceci kowa ba. Yadda ake gwadawa: bayan ka ɗaure, wani ya kama kafaɗun rigar ya ja sama. In ta haura kunnuwanka, ta yi maka yawa.

Mutanen Kano ba sa bukatar a je musu da nisa wajen misali. Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, jirgin fito ya kife a ruwan Bagwai ɗauke da mutanen Badau, yawancinsu ɗaliban Islamiyya da za su Mauludi. Aƙalla mutum 29 suka rasu. Allah Ya jiƙansu. Lodi ya fi ƙarfin jirgin. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta wajabta sa rigar, ta kuma hana tafiyar dare a ruwa. Mu ko da ba doka, ba mai hawa jirginmu ba riga, ko shi ya saya.

In jirgi ya kife, me zan yi?

Kada ka bar jirgin ka nufi gaɓa. Irin jirgin da muke tuƙawa ba ya saurin nutsewa, kuma an fi hango shi a kan a hango kan mutum. Riƙe shi, riƙe filafili in ka samu, ka busa usur ɗin da ke maƙale a rigarka. Ranarka ta farko da gangan za mu kifar da kai a ruwa iya ƙirji, don ranar da abin ya zo da gaske ya tarar ka saba.

In wani ne ke nutsewa, kada ka daka tsalle ka bi shi. Mai nutsewa ƙanƙame mai ceto yake yi, su tafi tare. Miƙa masa filafili ko gora, ko ka jefa masa igiya ko jarka mai murfi wadda ba komai ciki. In an fito da shi ba ya numfashi, ba a ɗaga shi ƙafa sama, ba a danna masa ciki wai ya amayar da ruwa. A kwantar da shi rigingine, a hura masa numfashi, a danna tsakiyar ƙirji sau 30, a hura sau 2, a ci gaba, wani kuma ya kira 112 ko ya tayar da mota. Ko ya farfaɗo ya ce garau yake, asibiti za a kai shi.

An ce ruwan dam na sa tsargiya. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma ba ma ɓoye wa kowa. Ƙwayar cutar a jikin wasu ƙananan dodon koɗi take girma, ta fito cikin ruwa, ta huda fatar mutum ta shiga. Ba sai ka sha ruwan ba. Ta fi yawa a ruwa marar zurfi mai ciyayi, wurin kacala da kainuwa, inda yara ke wanka ake wanki, wato daidai inda ake tura jirgi. Don haka muna zaɓar gaɓa mai dutse ko yashi, ba ma tsayawa jiƙa ƙafa a banza, in an fito kuma a goge jiki a yi wanka da ruwan da aka zo da shi. Wannan ragewa yake yi, ba ya hanawa gaba ɗaya.

Alamar da aka fi sani ita ce jini a ƙarshen fitsari, amma wani zai daɗe da ita ba alama. Muna shawartar duk mai shiga ruwa a kai a kai ya riƙa yin gwajin fitsari da bayan gida. Maganinta, praziquantel, yana aiki, ma'aikacin lafiya ke auna shi daidai da nauyin mutum. Iyaye kuma a daina ɗaukar fitsarin jini a matsayin alamar yaro ya girma. Cuta ce, in ta daɗe tana lalata mafitsara.

Yallaɓai, maganar mutanen ɓoye fa? Ruwa ai da masu shi.

Muna yin addu'a kafin mu hau, wadda Annabi Nuhu (AS) ya yi, da ke cikin Suratu Hud, aya ta 41. Bayan nan sai mu ɗaure riga, mu dubi gabas, mu ƙirga kanmu. Haɗurran da aka sani a ruwayen nan, in ka bi diddigi, lodi ne, ko dare, ko iska, ko kututture.

Kuna neman izini kafin ku shiga, ko kawai tura jirgi ake yi?

Ba a shiga ruwan mutane ba sallama. Tiga da Challawa suna ƙarƙashin hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are, akwai ma'aikata da masu gadi, akwai wuraren da ba a yarda a kusanta ba. Bayan su akwai Sarkin Ruwa da masunta da 'yan fito, waɗanda abincinsu ke nan. Mu wasa ya kawo mu, su sana'a. Sai an je an gaishe su, an ce “Allah Ya ja zamanin Sarki, ga baƙinka”, an tambayi ina aka kafa kalli, ina aka zuba mamari, wato igiya mai ƙugiyoyin kamun kifi, ina ne ba a bi. Abin da masunci zai gaya maka cikin minti biyar, ba ka samunsa a taswirar waya. Wanda ya yaga wa mutum koma kuwa zai biya daga aljihunsa, ba daga asusun ƙungiya ba. Kafin mu taho mukan sayi karfasa ko tarwaɗa a hannunsu, kuma ba ma cika taya wa.

Mata na zuwa? Wane irin kaya ake sawa?

Suna zuwa, Hajiya, kuma suna da ranarsu da mai koya musu. Dogon wando, riga mai dogon hannu, da ƙaramin hijabi da za a cusa cikin rigar ruwa. Zani da dogon hijabi da abaya su ne matsala: in sun jiƙe suna nauyi, suna naɗe ƙafa. Maza ma haka, a bar kaftani da shadda a gida. Yadin 'yan ƙwallo ya fi, don yana saurin bushewa. Takalmi kuma mai maɗauri, silifas taɓo ke cinye shi.

Yara daga shekara nawa?

Ba shekaru kaɗai muke dubawa ba. Sai akwai rigar ruwa daidai jikinsa, sai yana jin magana, sai kuma mahaifi ko wani babba nasa na wurin. Ƙanana a tsakiyar kwale-kwale suke zama tsakanin manya biyu. A hunturu da farkon damina ba ma ɗaukarsu.

Da azumi kuna fita?

Mukan rage sosai. Da yake watan na matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, tsarin na sauyawa: a 2024 da 2025 a Maris aka fara, bakin zafi ke nan, sai muka koma gajeren tuƙi bayan asuba ga wanda ya ga zai iya. Ba a atisayen kifewa da azumi. Yawancin watan a gyaran jirage da wankin riguna yake tafiya.

Akwai gasa, ko yawon shan iska ne kawai?

Yawancinmu shan iska da motsa jiki ya kawo mu. Mai koyo kan yi kilomita 3 zuwa 4 a awa, ya kwana yana jin kafaɗunsa, har sai ya gane da ƙugu da baya ake tuƙi ba da damtse ba. Amma wasa ne na gasa. Yana cikin Olamfik tun 1936 a Balin ta Jamus. Jonathan Akinyemi ya wakilci Najeriya a Landan a 2012, Ayomide Bello kuma ta ci zinare a wasannin Afirka na Rabat a 2019, ta je Olamfik na Tokiyo. A Arewa ma tseren kwale-kwale ba baƙo ba ne, ana yinsa a bikin kamun kifi na Argungu da Rigata ta Yawuri. Mu namu tseren na cikin gida ne, a kaka, wanda ya zo ƙarshe shi ke sayen kifi.

Sai na sayi jirgina? Nawa abin ke ci?

Kada ka sayi komai tukuna. Ƙungiya na da jirage da filafilai da riguna na aro. Kuɗin da ake tarawa na man mota ne da gyaran kaya, karo-karo ake yi, kuma yana bin farashin fetur, shi ya sa sai ka zo za ka ji na wannan watan. In ka shekara kana zuwa, ka ga rani ka ga damina, abin bai fita ranka ba, fara da sayen rigar ruwa taka ta kanka. Jirgin hurawa mai arha irin na wasan yara kuwa, ko kyauta aka ba ka kada ka kawo shi Tiga. Iska ɗaukarsa take yi.

Me zan riƙo ranar farko?

Kayan canji, tawul, ruwan sha, malafa, ɗan abin taɓawa, da maganinka in kana da asma ko ciwon suga. Mai farfaɗiya ko ciwon zuciya ya gaya wa jagoran tafiya tun a gari, ba a bakin ruwa ba. Gaya wa mutanen gida inda za ka da lokacin da za ka dawo. Waya a saka ta a leda biyu a ƙulle, tabarau a ɗaura masa zare. Makullin mota kuma a bar shi wurin mai tsaron kaya a gaɓa, don wanda ya faɗa ruwan Tiga ba ya dawowa, kuma daga can zuwa inda za ka sami mai yanka wani tafiya ce.